Tablet Ɗina Ya Ƙi Haske, Jarrabawa Gobe

Ƙarfe bakwai da minti goma na safe abin ya fara, kafin azahar na rasa darussan wata uku!

Na kunna tablet zan yi bita. Allon ya dushe, da ƙyar nake ganin harafi. In na ƙara haske sai ya rage da kansa. Sau tara, ina ƙirgawa!

Na kai wa Yaya Mutari, ɗan kawuna, shi ya saka min manhajar da ke tafiyar da tablet ɗin, ta kyauta da kowa ke iya buɗewa ya gyara. Ya ce, "Ke dai kawo, sabon zubi zan yi mishi." Na so in ce ya fara kwafe min darussana a wayarsa, amma abokansa na zaune, kunya ta hana ni.

Ya goge komai! Ya kunna, duhun na nan! Wai, "Ai ke kika ce a gyara."

Na hau kabu-kabu zuwa wurin mai gyara a kasuwar Konni. Mai gyaran, wani dattijo, ya tsaya kallon bangon takarda da na yi wa tablet ɗin jiya, irin na littattafaina. Ya sa farce ya ɓare salatif guda a saman allon. Haske tar!

Na ce, "Baba, mi ya lalace?"

Ya ce, "Ɗiyata, ba abin da ya lalace. Nan ne idon da yake auna haske da shi. Kin rufe mishi, shi ko yana zaton dare ne. Darussan kuwa, sai dai haƙuri."