Barkonon Inna a Kan Soro

Da autanmu ya samu shiga horon tuƙin jirgin soja, Inna ba ta yi guɗa ba. Abu ɗaya ta tambaya: idan yana can sama, ta yaya zai gane gidanmu a cikin gidajen Beli? Duk soraye iri ɗaya ne.

Ita ta samo wa kanta amsa. Kowace kaka sai ta kafa tsani, ta hau kan soro ta baza jan barkono, ta cika shi fal. Maƙwabta na shanya nasu a tsakar gida, ita kuwa ta ce nata alama ce. Ni babbar 'yarta, na yi faɗa har na gaji, don tsoron kada ta faɗo. Ta ce in ja bakina in yi shiru, ba ni na haife shi ba. Da ta ji rugugin jirgi, ko na alhazai ne, sai ta fito tana kare rana da hannu. Muna yi mata dariya, amma wallahi yau ina kewar wannan fitowar.

Shi kuwa ganinsa ya yi wuya. Ya ce matuƙa jirgi sun yi kaɗan, wanda ya ƙware shi ake sa wa koyar da na baya, hutu sai an yi sa'a. Salla ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Na ji haushinsa sosai, har na daina ɗaga wayarsa.

Ranar da ya zo, ɗan acaɓa ya sauke shi daga Rogo, ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta bari ya sha ruwa ba ta ce, "Auta, kana ganin gidan kuwa?"

Na san hanyar jirginsu ba ta biyowa ta kanmu, ya taɓa gaya mini. Na zuba masa ido.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina gani, Inna. Na bana ma ya fi na bara ja."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dafa kansa.

"Bana ban shanya ba, ɗan nan, gwiwa ta hana ni hawa. Allah ya yi maka albarka."