Sunan da Majo Hamdiyya Ta Bayar

Kafin rana ta fara dukan kwanon ƙaramin asibitin nan na unguwar Milezi, Goggo Hamdiyya ta riga ta iso. Ita ce majo, shugabar ma'aikatan jinya, amma baƙo ba zai gane ba. Sai ka same ta da zani ɗaure a kan farar riga, tana goge bencin da mata ke zama, tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, wannan da Larabci, waccan da Hausa. Ofis kuwa tana da shi, sai dai kujerar ciki ba ta san ta ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan a haka, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Abin da abokan aikinta ba sa mantawa ya faru shekarun baya, wata Litinin cikin azumi, a zafin nan mai narka takalmi. Ranar rigakafin ƙyanda ce, mata sun cika benci da jarirai. Majo ta je firigon magani, sai ta tarar da ƙofar a ɗage. Goruna huɗu na karkanji, zoɓon shan ruwa, aka cusa ciki tun Juma'a. Alamar jikin kwalaben rigakafin ta yi duhu, maganin ya mutu.

Hanatu, sabuwar ma'aikaciyar jinya, ita ce ta saka su, ta tashi aiki ta manta. Watanta uku da farawa, ba a ma tabbatar da ita ba, rahoto ɗaya ya isa a sallame ta. 

Ja'afar mai ba da magani ya matso ya yi ƙasa da murya. "Majo, a yi musu haka nan mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Ja'afar. Ƙyanda ma za ta sani."

Ta fita ta tsaya gaban matan. "Ku yafe mini, magani ya lalace a hannuna." Kai, ta sha faɗa ranar! Wata daga unguwar Kabalaye har tafa hannu take yi. Majo ta rubuta sunan kowane jariri da kwatancen gidansu. Da sabon magani ya zo, ta rataya akwatin ƙanƙara, ta hau kilando, ɗan acaɓan garin nan, da azumi a bakinta, ta bi gida arba'in da uku, Hanatu na biye da ita.

Mai bincike ya zo daga babban ofis da biro a hannu. "Wa ya saka zoɓo a firigo?"

"Ranka ya daɗe, ina ganin yaran nan suna aiki cikin wuta, ban tanadar musu inda za su sanyaya ruwa ba. Mabuɗin firigon kuma ni na bar shi a jiki."

"Suna nake tambaya."

"Hamdiyya Falalu. Rubuta."

Ya kuwa rubuta. Takardar gargaɗi ta shiga fayil ɗinta, ƙarin girman da take jira a shekarar ya wuce, bai kuma sake dawowa ba. Kada wani ya zaci Hanatu ta sha a banza. Majo ta kulle ƙofa ta wanke ta tas, sannan ta ce, "'Yata, daga yau auna sanyin firigon nan aikinki ne, safe da yamma." Washegari ta kawo randa biyu daga gidanta ta kafa a inuwa.

Hanatun nan ce za ta karɓi asibitin a watan gobe. Ita ta ba da labarin nan da bakinta, tana kuka, ta ce a rubuta da sunanta a wannan karon.

Goggo, ke ce uwar benci, mai ɗaukar kayan na ƙasa. Da kin buɗe baki kin ce "Hanatu", ba wanda zai ga laifinki, da yanzu kina babban ofis ana ba ki iska. Abin yana mana ciwo, wallahi, ko da ke bai dame ki ba. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu da lafiya.

Ku kuma da aka damƙa wa mutane, a asibiti ne ko a ina, ranar da abu ya ɓaci kuka fara waige-waigen wanda za ku nuna, ku tuna akwai wata a Milezi da aka tambaye ta suna, ta ba da nata.