Askar da Tasalla Ta Ƙi

Tasalla matar Haliru ta Babban Duhu ba mai yawan magana ba ce. Fura take dakawa ta kai kasuwa, sana'arta ke nan tun tana amarya. Ciki kuwa ta sha samu yana zubewa, har ta daina faɗa wa kowa idan ta yi ɓatan wata.

Da Allah Ya sa wani ya zauna, sai a wajen awo aka duba ta aka tura ta Katsina. Likitar can ta ce akwai ɗan tabo a bakin mahaifa. Ba ciwon daji ba ne, amma in an yi sakaci yana iya komawa shi. Ba za a taɓa wurin ba sai ta sauka, kada a jawo ɓari, ta dai riƙa zuwa ana dubawa.

Haka ta yi damina a bayan babur ɗin Haliru, cikin taɓo da ramuka, ta dawo ƙugu kamar an sassare. Wani zubin ma sai su juyo, rafi ya cika.

Gwaggo Turai, ungozomar da ta yanke wa Tasalla cibiya, ta ji labari ta zo da aska ƙulle a bakin zane. Ta ce ai wannan ciwon gishiri ne, yankan aska ne maganinsa, rabin matan garin ita ta yanke musu, a daina jijjiga mai ciki a hanya. Surukar Tasalla ta ce gaskiya ne.

Tasalla ta daɗe kanta a ƙasa. Ba ta taɓa musa wa babba ba.

"Gwaggo, ki yi mini aikin gafara," ta ce. "Ina son wannan ya zo da rai, kuma a bar mini wurin ƙanensa."

"To, 'yar nan, ran naƙuda sai ki kira likitarki."

Ran naƙudar kuwa Gwaggo ba ta zo ba. A asibiti a Safana Tasalla ta haifi mace, aka sa mata Mahfuza. Bayan ta gama wankan jego ta sake hawa babur da goyo. Aka ɗebe ɗan wurin da ya lalace, aka ce mahaifa tana nan lafiya, za ta iya sake haihuwa in Allah Ya so, amma dubawa ba ta ƙare ba.

Haliru ya yi ta hamdala. Ita kuwa ta jingina da bango, ta ce ya bar ta ta ɗan zauna kafin su kama hanya.