Tambari Biyu a Gari Ɗaya

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, don haka kada wani ya zo mini da dogon turanci. Abin da na sani game da sarki da majalisa, a bakin murhun kakata na ji shi, a Agege, bayan layin dogo.

Iya Ladi muke ce mata. Ganda take dafawa ta sayar. Bayan isha'i sai ta ɗora tukunyar gobe, mu kewaye wutar, ni da ƙanena Sabi'u da yaran gidan hayarmu, sauro na cizo, motocin haya na danfo suna ta ihu a titi. Ba ta iya zama shiru ba. Tana tatsuniya tana iza wuta, tana zagin hayaƙi.

"Kai mijin banza, matsa ka ba angona wuri," haka take ce mini, ta jawo Sabi'u jikinta. "To ga ta nan ta iso. Wanda ya yi gyangyaɗi na ba kura shi."

Wai a wani gari, tambarin kiran yaƙi yana gidan sarki, amma sandar kaɗa shi tana hannun dattawan majalisa. Haka aka gada. Sarki ba ya tara jama'a sai dattawa sun kawo sanda, su kuma ba su da abin bugawa sai sarki ya fito da tambari. Sai aka yi wani sarki mai gaggawa. Ya so a yaƙi maƙwabta, dattawa suka ce damina ce, mutane na gona. Ya aika sau uku, suka hana. Sai ya sa aka sassaƙa masa tasa sandar. Da dattawa suka ji, suka yanka sa, suka haɗa nasu tambarin.

Ran nan gari ya ji kiɗa biyu. Kowa ya suri kwari da baka ya nufi wanda ya fi kusa da kunnensa. Ba wanda ya tambayi dalili. Wa yana gabas, ƙane yana yamma. Gero ya nuna, ya zube a gona, babu mai girbi.

"Iya, to wa ya ci?" in ji Sabi'u.

"Ci? Ɗan nan, wa ya rage da zai ci?"

Ni na ce sarki ne mai gaskiya, tunda shi ne sarki. Ta ƙwanƙwasa mini ludayi a ka. "Kai dai kanka irin na saniya ne, sai babbaka."

Yanzu na haura arba'in da biyar, mahauci ne ni. A kasuwar da nake, Sarkin Fawa da 'yan kwamiti suka saɓa kan rabon teburan nama. Da can sarki ke faɗa, kwamiti su amince. Sai sarki ya raba shi kaɗai, su ma suka yi nasu rabon. Tebur ɗaya, mutum biyu. Na bi sarki don teburina na kusa da rumfarsa, wallahi iyakar dalilina ke nan. Sabi'u kuwa da 'yan kwamiti yake shan shayi, sai ya bi su.

Ranar da aka kaure, na kai duka da gora cikin turmutsutsu. Sai da mutumin ya faɗi na ga fuskarsa. Hannun daman Sabi'u bai ƙara riƙe wuƙa ba. Gadi yake yi a Isolo yanzu, shekara huɗu ko sallamata ba ya amsawa. Sarki da kwamiti fa? Sun shirya tun tuni, tare suke cin tuwo a gidan biki.

Da ina zaton sarakuna tsohuwar ke zagi. Ashe da mu take, mu masu gudu ba tambaya.

Jibi sunan ɗan Sabi'u. A gidanmu tun kakanni babban wa ne ke feɗe ragon suna. Ba a aiko mini ba. Na wasa wuƙata tun jiya, na naɗe ta a tsumma. Sau biyu ina zuwa tasha ina juyowa. Gobe zan shiga motar. In ya kore ni, ya kore ni, yana da gaskiyarsa. Amma ba zan zauna a Agege wani bare ya feɗe ragon ɗanmu ba.