Buhun Takin Tabawa

Mun tashi da asuba daga Paki, ni da surukata, ko koko ban tsaya sha ba. Ba zan ɓoye muku dalili ba: Tabawa ce. Ƙawata ce tun muna tallar gyaɗa, aure ya kai ta Kudan. Matar da ko tatsuniyar Gizo ba ta iya kaiwa ƙarshe, ita aka nuna mini a waya tana bayanin yaƙin wasu ƙasashen Turawa biyu, da sabon mayafi, ga buhun taki a gabanta. Ni fa, da yaran unguwa uku ke cika mini tsakar gida don jin tatsuniya! Da na ji masu ɗaukar bidiyon za su dawo, na ce sai duniya ta ji bakina.

Daga Ikara zuwa Makarfi ramuka suka gama da ƙuguna. Kuɗin mota ya hau, direba ya ce yaƙin ne. A Makarfi na taya mazarƙwaila, mai ita ma ya ce yaƙin ne. Na ce, "Ɗan nan, raken ma an ɗauke shi soja?"

A Kudan muka tarar da rumfa. Mutanen ofishin jakadancin ɗaya daga ƙasashen ne, da tafinta da mai kyamara, buhuna jere da tutarsu a jiki. Ga Tabawa a kujerar gaba, har fifita ake mata. Ta ce, "Ke ma kin jiyo ƙanshi?" Na ce, "Na zo taya ki ne, kada ki sarƙe."

Da aka zo kaina, tafinta ya ce in faɗa cewa abokan gabarsu ne suka tare jiragen ruwa, shi ya sa taki ya yi tsada. Na gyara zama na zuba. Na sa teku ta yi fushi, na sa jirage suka yi kuka, rumfa ta yi tsit, wata Baturiya a cikinsu har ta matso. Amma uwata ta hore ni: labarin da idonki bai gani ba, ki rufe shi da murfinsa. Sai na ce, "Ƙurunƙus kan kusu!"

Mata suka tuntsire da dariya. Tafinta ya ce, "Iya, a sake, banda na ƙarshen." Na ce, "Kai ni in ga jiragen, sai in cire." Aka kira Tabawa, ta maimaita musu tiryan-tiryan kamar aku, aka ƙara mata buhu.

Mun dawo gida bayan la'asar ni da surukata, ba komai a hannuna sai mazarƙwailata. Abin da na koyo, waɗannan mutane ba mai iya magana suke nema ba, mai iya maimaitawa suke so. Na sani. Duk da haka mayafin nan ni zai fi yi wa kyau.

Jiya Tabawa ta aiko mini da tiya biyu daga takin. Na zuba wa masarata, don masara ba ta da zuciya. Ni ke da ita.