Abin da Ke Bayan Kawucun Mashin Ɗina

Salamu alaikum. Wata bakwai ban rubuta komi a nan ba. Masu cewa na yi kuɗi na manta da mutane, Allah Ya shirye ku. Numfashi nake nema.

Ga wanda bai san ni ba: ni ce Hadiza, mai ɗinki a Talladjé.

Da tari ya fara. Busasshen tari, ba majina, ba zazzaɓi. Na sha zuma da lemun tsami, na sha citta har bakina ya saɓule. Sati uku, sai ƙirjina ya fara fito kamar butar shayi.

Lokacin nan ne ruwan sama ya ƙi zuwa, sojoji na kan mulki, iyakoki a rufe. Kura, wato wutar lantarki, ta zo awa biyu ta tafi, pampo sai ya ga dama. A farmasi kuwa amsa ɗaya ce: "Ya ƙare, Hajiya."

Lokotoro na farko ya ce mura ce. Na biyu ya ce a gwada tarin fuka. Kwana uku ina kai kaki cikin ɗan kwalba, maƙwabta suka daina shan ruwa a gidana. Sakamako ya fito, babu. Aka yi radiyon ƙirji, wato hoto, aka ɗebi jini sau huɗu. Kowace takarda da kuɗinta, kuma ba wadda ta faɗi sunan ciwona.

Abin ya ishe ni. Kowa ya zama lokotoro. Wata ta ce sammu ne, wata ta ce ƙurar yadi ce, in bar ɗinki. In bar ɗinki in ci me?

Ranar wata Talata da hantsi ina kasuwar Petit Marché ina tayin tumatir, iska ta ƙi shiga ƙirjina. Na buɗe baki, ba komi. Wallahi na ji tsoro, na fara kalmar shahada a zuci don bakin ba ya iyawa.

Na farka a asibiti da robar iska a hanci da sirum na ƙarin ruwa a hannu. Kwana shida. Ma'aikaciyar jinya, wata Bazabarma, kullum da safe in ta zo auna ni sai ta ce, "Kala suuru," wato sai haƙuri. Ni kuwa haƙurin ne ya ƙare mini.

Aka sallame ni, na koma gida, kwana biyar na dawo. Aka sake sallama ta, na sake dawowa.

A kwanciya ta uku wata lokotoro mai gilashi ta ja kujera ta zauna. "Madam, nan kina samun sauƙi, gida kina lalacewa. Ciwon nan a gidanki yake kwana. Ina ne ke da danshi?"

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. "Danshi? A farin nan? Lokotoro, ko kogi ya kusa bushewa."

Yayata Rabi, wadda ta baro gidanta a Yantala tana jinyata, ita ta gano. Ta je wanke mini kaya a mashin ɗina na wanki, irin mai ƙofa a gaba. Ta dawo asibiti fuska a ɗaure, ta miƙo mini wayarta.

"Ke Hadiza, kin taɓa ɗaga kawucun bakin ƙofar nan?"

"Wane kawucu, Yaya?"

Hoton ya nuna baƙar funfuna, damƙam, ta zagaye cikin naɗin robar kamar an shafa kwalli. Aljihun sabulu ma haka.

Ku ji wautata. Mashin ɗin nan ina ji da shi, don haka da na gama wanki sai in rufe ƙofar gam, in lulluɓe shi da zane mai ado yadda muke rufe telebijin. In kura ta ɗauke ana tsakar wanki, kaya su yini cikin ruwa. Don tsimin ruwa, kullum gajeren wanki nake zaɓa, da ruwan sanyi, in zuba garin sabulu da yawa wai ya rama.

Da kaya suka fara wari kuwa, me 'yar gidanmu irina za ta yi? Na ɗauko kasko na turara su. Zanen gado, hijabi, rigar matashin kai, duka. Wata da watanni ina binne warin da turaren wuta, ina kwana da hancina a kan abin da ke kashe ni, ana yaba mini ƙamshi.

Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji.

Yaya Rabi ta ɗaure hanci da kyalle, ta goge robar da jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ta ciro aljihun sabulu ta wanke, ta buɗe ɗan matacin da ke ƙasa ta zubar da ruɓaɓɓen ruwa. Ta kunna mashin ba kaya da ruwa mai zafi. Kayana duka aka sake wankewa aka shanya a rana. Tun daga nan ban sake kwana asibiti ba.

Don Allah, masu irin mashin ɗin nan: ku bar ƙofa a buɗe bayan wanki, da aljihun sabulun. Ku ɗaga robar ku share ta ta bushe. Kada kaya su yini a ciki, ku rage sabulu, ku riƙa yin wankin zafi ba kaya lokaci-lokaci. Kada ku haɗa jabel da wani magani. Kuma in kaya sun yi wari, ku nemi inda warin ya fito kafin ku nemi garwashi.

Na gode wa Allah. Na gode wa lokotoron da ta zauna ta yi tambaya, da Yaya Rabi da ba ta bar yi mini gori ba har yau.

Lokotoro ta ce ƙirjina ba zai koma kamar da ba, abin shaƙa zai zauna a jakata. Na yarda. Amma Asabar da ta wuce aka kai 'yar Yaya ɗakinta, na cika ƙirji na rangaɗa guɗa, doguwa, ban tsaya ba sai da na ga dama. Da na waiwaya, Yaya Rabi na kuka.