Onésime Ferland da Latinancinsa

Onésime Ferland bai san Latinanci ba, amma shekara talatin da ɗoriya ya yi yana rera shi a cocin ƙauyensu, a Quebec. Kawunsa ne ya koya masa baki da baki, ya bar masa ƙaton littafi mai baƙaƙen ɗigogi a kan layi huɗu, alamomin karin waƙar. Tsohuwar waƙar sufayen coci ce, murya ɗaya, ba kiɗa ba tafi. Kowace safiya in ya gama tatsar shanunsa sai ya wanke hannu, ya hau benen mawaƙa da ke can baya cikin coci, ya buɗe littafin. Ba karantawa yake ba, duk tana kansa, buɗewar dai ta mutunci ce.

Aibinsa ɗaya, jan waƙa. Ko ranar da ƙanƙara ta toshe ƙofofi, jama'a na tsaye ƙafafu sun sandare, ba ya rage ko gaɓa guda.

"Tsoho, kafin ka gama Amin ɗaya sai in dafa dankali," in ji matarsa Exilda. "Allah fa ya ji tun da ka buɗe baki."

"Shi ba ya sauri. Ke ce kika bar miya a wuta."

Aka kawo sabon Fada, wato limamin coci, Lachapelle, wanda ya koyi waƙar a hannun sufaye. Sati biyu ya daure, a na uku ya hau benen.

"Baba Onésime, waƙar nan tashi take kamar hayaƙin turare. Kai kuwa janta kake kamar doki da gungume. Kuma akwai kalmar da kake faɗa, babu ita a Latinanci."

"Fada, shekara talatin ina aika ta sama, ba a taɓa dawo mini da ita ba."

Suka yi ta wannan ja-in-ja har shekarar da aka koma yin sujada da Faransanci, 'yan mata suka shigo da jita. Onésime ya rufe littafinsa ya sauko, ya zauna kusa da Exilda a coci, karo na farko tun aurensu. Bai ma san lokacin durƙuso ba sai ta mintsine shi. Ta lura ya daina ƙarin miya, kuma garken da ya saba rera waƙa a ciki ya yi tsit da safe.

Ana haka mahaifiyar Fada, wadda take yi masa girki, ta rasu. Washegari sai ga Fada a garke, hula a hannu.

"Baba, Inna ta bar wasiyya, kai za ka raka ta da tsohuwar waƙa."

"Kai da ka fi ni iyawa?"

"Na faɗa mata. Ta ce in ni na yi, za a binne ta kafin ta kimtsa."

Onésime ya goge hannu a wando, ya tambayi ƙarfe nawa. Ranar jana'izar ya rera ta yadda ya saba, har da kalmar nan. Fada na tsaye gaban akwatin, hawaye na zuba, bai ko ɗaga kai ba.

Daga nan tsofaffin ƙauyen suka riƙa tare shi a bakin kanti suna kama layin waƙar jana'iza tun da ransu. Ya raka goma sha bakwai kafin gwiwa ta hana shi hawa bene. Sauran ya rera musu daga ƙasa, a zaune, sandarsa a tsakanin ƙafafu.